Kakarmu Malama ta rasu, me za mu yi mata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Yau kwana 19 da rasuwar kakata wadda ta haifi mahaifiyata, a wani ƙauye ta wajen Ringim. Malamar firamare ce. Da ta gama kwalejin horar da malamai mata ta Kano (WTC) ta kama aiki a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta soma shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin nan ko Jigawa babu, duk Kano ce sai a 1991. Shekara 35 tana aji ɗaya da aji biyu, ta yi ritaya a 2011. Sau biyu aka so ba ta shugabancin makaranta, ta ce ita dai a bar ta da 'yan majinarta.

Gida-gida take bi tana roƙon iyaye su saki 'ya'ya mata, wani ya saurare ta, wani ya ce boko lalata ce. Yarinyar da tallan ƙuli-ƙuli ya hana zuwa aji, sai ta saye farantin duka. Ni kishiya take kirana, kullum faɗanmu a kan wa ya fi iya tuwo. Ranar jana'iza na ga dattawa da furfura suna cewa ita ta kama musu hannu suka rubuta "a".

To, mun ɗan haɗa kuɗi, ba su taka kara sun karya ba. Kawu yana so a yanka sa ranar arba'in, a buga kalanda mai hotonta. Ni kuwa makarantar da ta koyar ce a raina, yara a ƙasa suke zama. Yaya zan faɗa masa ba tare da na zama marar kunya ba?

Maman Hanifa: Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Kada ki tunkari Kawu da kanki, ke jika ce. Ki gaya wa Umma, ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ya kai maganar kamar daga gare shi ta fito.

Malam na Gumel: Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na biyun ta tura da kanta, saura biyun suna hannunku. Zancen arba'in kuwa malamai sun saɓa, kada ku ɗauko wannan gardamar cikin zaman makoki.

Ɗan Ringim: Ni dai ban ga laifin abincin ba. A ƙauye wani rabonsa da nama tun Babbar Salla. Kalandar ce ɓarna, shekara na zagayowa za a naɗe ƙosai da ita.

Anti Malama: 'Yata, ni ma alli nake riƙewa, ki ji da kyau. Kada ku miƙa tsabar kuɗi. Ku zauna da hedimasta da kwamitin al'umma mai kula da makarantar (SBMC), ku sanar da Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da mai gari. Sannan ku tambayi abin da ya fi damunsu kafin ku saya. Ku benci kuka gani, wataƙila su famfon tuƙa-tuƙa ne ya lalace, ko babu makewayi, wanda shi ke korar 'yan mata da sun fara tasawa. In bencin ne, kafintan garin ya yi, in ya karye ga shi nan kusa. Ku kuma nemi tsofaffin ɗalibanta, za ki sha mamaki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na yi wa Umma magana da daddare. Ta yi shiru, can ta ce ashe ban sani ba, Kawun ma a ajin Malama ya yi aji ɗaya, kuma shi ya fi kowa shan bulala. Ta ce in bar mata shi zuwa Juma'a.