Wai laimar kwaɗi na buɗe ƙwaƙwalwa?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'a. Wani bidiyo ke yawo, wai akwai laimar kwaɗin da ke buɗe ƙwaƙwalwa har ta warkar da ciwon damuwa. Ostareliya ma ta halatta ta. Mu me muke jira?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Duk abin da ke gusar da hankali maye ne, kowane suna aka laƙaba masa. Ba mu gama da kodin da tiramol a unguwanninmu ba, za ku jajibo mana wani?

Anti Nas: Ɗan Rigasa, gyara zancenka. Tun Yulin 2023 Ostareliya ta yarda, amma likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman kaɗai ke bayarwa, ga wanda damuwarsa ta gagari sauran magunguna. Sunan sinadarin da ke cikin laimar silosaibin, Albert Hofmann ne ya fara tace shi a Siwizalan a 1958. In ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya zama silosin, ya je ya zauna inda serotonin, wani sinadarin jiki mai isar da saƙo, ke zama a ƙwaƙwalwa.

Ɗan Rigasa: To ai ka ji, Anti. Ƙara wa ƙwaƙwalwa wuta yake.

Anti Nas: Hoto bai nuna haka ba. A 2012 masu bincike na Imperial College a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda aka ba shi. Aiki raguwa ya yi a sassan da ke tashi idan mutum ya yi shiru yana saƙa da warwara kan kansa, jiyansa da gobensa. Sassan da suka saba tafiya tare suka saki juna. Shi ya sa bango ke motsi, lokaci ya rikice, wani ya rasa inda jikinsa ya ƙare. Awa 4 zuwa 6 ana cikin haka, wasu kuwa cikin firgici mai tsanani.

Baban Aisha: Ni ƙanwata ta daɗe kan magani, har yau kwana take ido biyu tana kuka. Malam, da girmanka, allurar barcin tiyata ma ai tana gusar da hankali.

Malam na Tudun Wada: Allah Ya ba ta lafiya. Lalura a hannun likita hukuncinta daban. Tsorona yara su bazama daji da damina suna tsinto wa kansu.

Anti Nas: Tsoron nan gaskiya ne, Malam. Akwai laimar da ke lalata hanta, kuma sai an yi awoyi kafin alama ta fito. Baban Aisha, a 2021 an gwada silosaibin da maganin damuwa escitalopram a kan mutum 59, babban ma'aunin sauƙin damuwar bai nuna silosaibin ya fi shi ba. Kuma wanda ke da mai taɓin hankali a danginsa ba a ma sa shi a irin gwajin nan. Don Allah kada ta ajiye maganinta. Ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a sake duba ta.

Baban Aisha: In sha Allah ranar Litinin.

Ɗan Rigasa: Na ji, Anti. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: jami'o'inmu su nemi izini su bincika da kansu, kada mu zauna sai an gama an sayar mana da tsada.