Neman shawara: hasken da ke fita daga wake mai tsiro, ya zan auna shi?

Ɗan Taura: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min kaina ya kulle. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan ɗan hasken nan ne da ƙwayoyin halitta masu rai ke fitarwa wanda ido ba ya gani. Tun rasuwar Baffa na dawo ƙauye don ba mai kula da gona sai ni, ga kuɗin mota ya ninka, shi ne na ce bari in yi gwajin a gida. Na jiƙa wake a kwano har ya fara tsiro, na kai ɗakin Inna na toshe taga da buhu da bargo biyu, na kafa waya tana ɗauka har asuba. Hoto ya fito baƙi ƙirin sai wasu ɗige-ɗige ja da shuɗi. Su ne hasken? Saura sati 3 in miƙa.

Malam Fiziks: Wa'alaikassalam. Ba su ba ne. Rufe kyamarar da yatsa ka ɗauka, za ka ga ɗigon nan, zafin wayar ne. Hasken kam akwai shi, yana fita ne lokacin da oksijin ke cin kitse da furotin a cikin ƙwayar halitta. Amma a 2009 da masu bincike a Japan suka ɗauki na jikin mutum, sun tarar ya gaza abin da ido ke iya gani sau 1000, kuma kyamararsu sanyaya ta aka yi zuwa digiri 120 ƙasa da sifili. In za ka auna shi, ko dai irin wannan kyamarar, ko bututun gilashin nan fotomoltifilaya da ke ninka ɗigon haske ɗaya kamar sau miliyan. Canza tofik tun wuri.

Maman Ummi: Hmm canza tofik a bakinka da sauƙi. Ni nawa malamin sau 3 yana soke min, ranar ƙarshe da goyo na zauna ƙofar ofishinsa tun hantsi har la'asar, ko kallo. Ƙanina kar ka canza komai, rubuta abin da ka gani ka kai masa.

Ɗan Taura: Malam ai Gurwitsch ɗan Rasha da saiwar albasa kawai ya gano abin a 1923, wace na'ura yake da ita?

Malam Fiziks: Bai ga hasken ba ai. Saiwa ya saita kusa da saiwa, ya ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa a madubin likita, kuma da yawa da suka maimaita bayansa ba su samu abin da ya samu ba. Kana da madubin a ɗakin Inna?

Na Ringim: Ka kama maƙesu a fadama mana ka zuba a kwalba, ga haske nan ɓaro-ɓaro. Mu da fadamar ma shanu suka cinye mana shinkafa bara har yau ba wanda ya biya.

Malam Fiziks: Na maƙesu daban ne, sinadarin lusiferin gare shi. Kada ku ruɗa yaro.

Ɗan Taura: Na gode duka, amma malamina ya riga ya sa hannu kuma ina ganin bargon ne bai rufe da kyau ba. Yau a rumbu zan gwada da wayar abokina, tasa ta fi tawa kyamara.

Na Ringim: Waken fari ne ko ja? Nawa tiya yanzu a wajenku?