Shafukan da na rubuta a salula sun ƙi bayyana a kwamfuta

Ɗaliba daga Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman taimako a kan wata matsala da ta hana ni sukuni kwana uku ke nan. Ina rubuta kundin kammala karatuna a kan noman rani, kuma na yi mako biyu ina zagaya garakan Mirriya ina tattaunawa da manoma, ina rubuta abin da suka faɗa a OneNote na salulata, wato manhajar Microsoft ta ajiye rubutu cikin littattafai, har da muryoyin wasu dattawa da na ɗauka. Da na dawo Damagaram na buɗe littafin a kwamfuta, sai na tarar yana nan yadda na bar shi ranar tafiyata, babu sabon shafi ko ɗaya. Ban da wannan, malamin da ke duba aikina ya aiko mini da gayyatar shiga wani littafi da yake sa gyare-gyarensa a ciki, amma duk sa'ad da na taɓa adireshin sai a ce ba ni da izini. Wani ɗan ajinmu ya ce in goge manhajar in sake saukar da ita. Shin in bi shawararsa?

Mai gyaran salula a Zango:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, don girman Allah kada ki goge manhajar, kada ki fita daga asusunki, kada kuma ki bar kowa ya share bayanan da ta ajiye a cikin salular. Abin da kika rubuta a inda babu rezo yana cikin salular ne kaɗai har sai ya hau OneDrive, wato ma'ajiyar da kwamfutarki take ɗaukowa daga gare ta, don haka in kika goge yanzu, aikin mako biyun nan ya tafi ke nan. Na ga wanda hakan ta faru da shi a gaban teburina, kuma babu abin da na iya yi masa.

Tun a daren nan ki kwafe rubutun kowane shafi ki aika wa kanki ta imel. Bayan haka ki shiga onenote.com da asusunki ki duba. In sababbin shafukan suna can, matsalar ta kwamfuta ce, in kuwa babu su, salular ce ba ta aika ba. Ki duba ko kin kunna tsarin tsimin data ko na tsimin batir, domin dukansu suna iya hana manhaja aiki sa'ad da ba a buɗe take ba, sannan ki tabbata kwanan wata da agogon salular daidai suke.

Malamin lissafi, Sabon Gari:

Shawarar da aka ba ki daidai take, amma zancen muryoyin nan ne ya fi jan hankalina. Asusun Microsoft na kyauta gigabait 5 kawai yake da shi a OneDrive, kuma littattafanki da hotunanki da bidiyo duk a cikinsa suke cin wuri. Tun 2023 ma har abubuwan da ake liƙa wa wasiƙun Outlook, wato imel na Microsoft, ana lissafa su a ciki. Idan wurin ya cika, manhajar za ta ci gaba da karɓar rubutu a salula kamar lafiya lau, alhali babu abin da yake hawa. Ki duba nawa ya rage miki tukuna.

Batun izini kuwa, yawanci daga asusu biyu yake tasowa. Gayyatar da aka aika zuwa wani adireshi na musamman, mai wannan adireshin kaɗai take buɗe wa ƙofa, saboda haka in malaminki ya aika ta adireshinki na makaranta ke kuma kina ciki da naki na kanki, ba za ki shiga ba ko sau ɗari kika gwada. A kwamfutar kuma ki lura da wace manhaja kike amfani da ita, domin an daina kula da OneNote for Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. A wadda ake amfani da ita yanzu, danna Shift da F9 tare yana sa littafin da ke buɗe ya daidaita da abin da ke OneDrive nan take.

Ɗaliba daga Birni:

Yaya, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Na kwafe rubutun duka kafin in taɓa komai, sannan na duba ma'ajiyar na tarar ta cika maƙil da bidiyon bikin ƴar'uwata, waɗanda suka hau da kansu domin na taɓa kunna ajiyar hotuna na manta. Na mayar da su kan kwamfuta, na kashe tsimin data, na bar salular a buɗe a kan caji bayan sallar asuba, kuma kafin hantsi rubutun ya bayyana. Littafin malamina ma ya buɗu da na shiga da adireshin makaranta. Muryoyi biyu mafi tsawo ne suka rage ba su hau ba, kuma zan sake gwadawa gobe da sassafe, lokacin da rezo ya fi ƙarfi a unguwarmu.