Ana auna nauyin yaro da tsawonsa, amma wa ke duba motsinsa?

Malamar jardan (ajin ƙananan yara kafin firamare), unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ina roƙon iyaye da ma'aikatan lafiya su faɗa mana yadda suke gane cewa jikin yaro yana ƙwari a kan lokaci, tun daga zama da rarrafe da tafiya har zuwa gudu da tsalle da cafe ƙwallo. A wurin awo ana ɗora yaro a sikeli, a auna damtsensa, a rubuta a karne, wato littafin awon yaro, amma da wuya a tambayi uwa ko ya fara tsayuwa da kansa. Ni kuwa sai sun kai shekara 4 ko 5 suke zuwa hannuna, lokacin da bambancin ya riga ya fito fili.

Ma'aikacin jinya, Madarunfa:
Malama, ma'aunin yana nan, yawan jama'a ne a ranar awo yake hana mu tsayawa a kansa. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai shida na motsin jarirai, bayan ta bi diddigin yara a Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. Zama ba jingina yana zuwa daga kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya ba riƙo kuma daga wata 8 zuwa kusan wata 18, sannan an samu yara ƙalilan da suka yi tafiya ba su taɓa rarrafe ba. Tazarar tana da faɗi, shi ya sa nake hana iyaye gwada ɗansu da na maƙwabta. Abin da na fi gani a nan shi ne yaran da tamowa ta kama suna jinkiri, kuma da yawansu suna miƙewa idan sun murmure. Wanda ya wuce wata 18 bai taka ba, a kawo shi a duba. Wanda kuma ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kawo shi a ranar, saboda tsoron shan inna.

Uwa, Tibiri:
Ɗana na biyu ya daɗe bai yi tafiya ba, surukata tana cewa nauyin ƙafa ne kawai. Da na kai shi likita, malamar asibitin ta tambaye ni inda yake yini, na ce a bayana, domin ina sana'ar ƙuli-ƙuli kuma ina tsoron wuta. Ta ce in riƙa sauke shi a tabarma nesa da murhu, yayarsa tana kula da shi. Da hakan da keken katako da babansa ya sayo masa, kafin damina ta wuce yana zagaya tsakar gida.

Malamin motsa jiki, Tasawa:
Ga yaran da Malama take magana a kansu akwai gwajin motsin jikin yara da ake kira TGMD, wanda Dale Ulrich ya fitar a Amurka a 1985 domin yara masu shekara 3 zuwa 10. Abin da ya burge ni game da shi, ba ya tambayar nisan da yaro ya yi jifa, yana duba yadda ya yi jifar: ko ya taka da ƙafar da ke ɗaya gefen, ko ya juya ƙugu, ko hannu ya bi ƙwallon bayan ya sake ta. Sai dai akwai dukan ƙwallo da sanda irin na wasan Amurkawa, wanda yaranmu ba su taɓa gani ba, kuma rage musu maki a kansa rashin adalci ne. Ni langa nake sa su yi, domin a nan nake ganin wanda yake iya ɗingishi da ƙafa ɗaya ba tare da ya faɗi ba. Ƴan mata suna baya a shurin ƙwallo saboda ba a ba su ita a gida, amma a gala-gala da carafke samarin ba sa kama ƙafarsu.

Malamar jardan:
Na gode ƙwarai. Malam, ina neman ka rubuto mana abubuwan da ake dubawa a gudu da tsalle ɗaya bayan ɗaya, domin in ware shafi ga kowane yaro, in duba shi a farkon shekarar karatu da ƙarshenta.