Me ke sa tayar baya ficewa daga motocin tseren dirag?

Dan_Gareji:
Salam jama'a, ina da tambaya ga masu harkar mota. Kwanan nan na shiga kallon tseren dirag na Amurka a YouTube, wanda motoci biyu ke jerawa su tashi tare a miƙaƙƙen titi, babu kwana babu komai, 'yan daƙiƙu an gama. Abin da ya ɗaure min kai shi ne irin hatsarin da suke yi. Mota ta tashi lafiya lau sai ka ga ta karkace ta daki katanga ko ta tsallaka layin 'yar uwarta, wani lokacin ma tayar baya za ka ga ta fice da shaf ɗinta tana gudu ita kaɗai, a ƙasan bidiyon kuma ana ta cewa aksil ne ya karye. To ai mu nan in shaf ya karye mota tsayawa take, kana ba ta wuta tana kuka amma ba ta motsi. Ya aka yi tasu take juyawa? Kuma duk uban kuɗin da suke kashewa sun kasa samun ƙarfen da ba ya karyewa ne?

Oga_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, tambayarka biyu ce a haɗe kuma kowacce da amsarta.

Motar da ka sani tana tsayawa ne saboda ƙananan giyoyin da ke cikin tukunyar aksil, waɗanda ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana. In shaf ɗaya ya karye sai duk juyin ya tsere ta ɓangaren da ya karye ɗin, tayar mai lafiya ba ta samun komai. Su kuwa 'yan dirag ba ruwansu da kwana, don haka da yawansu cire giyoyin nan suke su sa dunƙulen ƙarfe guda da suke kira sifuul, ya kulle shaf biyun su zama abu ɗaya, tayoyin biyu su tura daidai wa daida. To ka ga in na hagu ya karye mota na cikin wuta, duk ƙarfin injin ya koma kan tayar dama ita kaɗai, nan take motar ta juya hagu, kafin direba ya ɗaga ƙafa ya riga ya isa katanga. Kamar mai tuƙa kwalekwale ne yana buga filafili ta gefe guda.

Ficewar taya kuma magana ce ta me ke riƙe shaf ɗin. Aksil da yawa na motocin Amurka, irin na GM mai noti 10 da mai noti 12 da Ford 8.8, wata 'yar ƙugiya ce mai siffar C can cikin tukunya take riƙe bakin shaf, ita kaɗai fa. Shaf na karyewa ƙugiyar ta zauna da guntun ciki, na waje kuma babu abin da ya tare shi, sai ya zare da taya da gangar birki gaba ɗaya. Shi ya sa suke son aksil ɗin Ford mai inci 9 duk da tsufansa, tun 1957 aka fara yin sa, domin shi boris ɗinsa a matse yake a jikin shaf daga waje kuma akwai faranti da aka ɗaure da noti yana tare shi. Wanda ya fi duka shi ne irin na manyan motocin ɗaukar kaya da ka sani, wanda za ka kwance notuna ka zare shaf taya na nan tsaye a ƙasa, saboda hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, shi ke ɗauke da nauyi, shaf juyi kawai yake kaiwa.

Hukumarsu NHRA ta sa doka a kan wannan, motar da ke cin kwata mil a daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka dole ta sa shaf na tsere da abin da zai riƙe shi in ya karye.

Dr_Injin:
Oga ya yi bayani mai kyau amma ina ganin ya tsaya a ƙananan motoci, waɗanda mutum ke gyara tsohuwar Mustang ko Camaro a gida ya kai fili. A manyan ajin, wato motocin ƙwararru da ake kira Top Fuel da Funny Car, maganar ƙugiyar C ba ta ma taso ba kuma duk da haka taya ta kashe mutane.

A watan Fabrairu 2010 a filin Firebird da ke kusa da Phoenix a jihar Arizona, tayar baya ta hagu ta motar direba Antron Brown ta cire jim kaɗan bayan tashi, motar ta kife ta daki katanga, shi ya fita da ransa amma tayar ta yi tsalle ta wuce shinge ta faɗa inda mutane suke ta kashe wata mata da ta zo kallo. Wannan ne ya fi taɓa ni wallahi, baiwar Allah ba ta hau mota ba, tikiti kawai ta saya. Kafin nan a 2004 direba Darrell Russell ya rasu a filin Gateway kusa da St. Louis, tayar baya ce ta tarwatse a ƙarshen gudu ɓaraguzai suka same shi a kai ta baya, bayan haka ne aka tilasta sa garkuwar taitaniyam a bayan kan direba. Sai Eric Medlen a 2007 a Gainesville ta Florida, wurin gwaji, taya ta sace iska motar ta kama wata irin jijjiga mai tsanani har kansa ya dinga bugun ƙarfen kariya, ya yi kwanaki a asibiti ya cika. A shekarar dai maigidansa John Force ya yi nasa hatsarin a Texas, taya ta fashe motar ta rabe biyu, ya sha da kyar da karaya.

Batun ƙarfen da ba ya karyewa kuwa, ka duba me ake ɗora masa. Injin Top Fuel yana ba da ƙarfin doki wajen 11,000, motar na cin ƙafa 1,000 ƙasa da daƙiƙa 4 tana wuce kilomita 500 a awa, an fesa wa titin gam don taya ta kama, tayar kuma iskarta kaɗan ce har gefenta na murɗewa wajen tashi. Duk wannan ƙarfin ta kan 'yan kusoshin taya yake wucewa. Kuma kowane abu da ka ƙara wa kauri ka ƙara nauyi, nauyi kuma shi ke sa ka zo na biyu.

Dan_Gareji:
Innalillahi, ban san da labarin matar nan ba, Allah Ya kyauta. Na gode Oga, na gode Dokta. To amma shaf ba ya nuna alama kafin ya karye ne? Ko haka kawai yake yi ba sallama?

Oga_Kofar_Ruwa:
Yana nunawa mana, ga mai dubawa. Kafin shaf ya karye murɗewa yake fara yi, yawanci daf da haƙoransa inda ya shiga tukunya. Dabarar da suke yi mai sauƙi ce, shaf na sabo a ja masa layin fenti miƙe daga wannan baki zuwa wancan, in an kwance aka ga layin ya fara karkata to an gama da shi, a jefar. Masu hali kuma suna kai shi gwajin maganaɗisu da ke fito da tsagar da ido ba ya gani. Yawan haƙoran ma na da magana, na gida 28 ko 31 ne, na tsere 35 zuwa 40, mai yawan haƙora ya fi kauri.

Kuma ba ƙarfin injin kaɗai ke karya shi ba, akwai tsallen taya, ta kama ta saki ta kama ta saki, kowane kamu duka ne a kan shaf. Direban da ya ji haka ya ci gaba da taka wuta shi ya karya da kansa.

Dokta ya yi gaskiya kan kusoshi, nan ne ni na fi jin tsoro don abin ya shafe mu. Mutum ya sa rim na alminiyam mai kauri a kan gajerun kusoshin asali, noti ya kama zare uku ko huɗu ya ce ya ɗaure. A dokar NHRA zaren da noti ya kama dole ya kai aƙalla kaurin kusar kanta. Ga masu ɗaure noti da dogon bututu su hau kai da ƙafa har kusa ta miƙe, ita ma wannan ta riga ta mutu ko da ba ta karye a ranar ba.

Ummu_Sadiq:
Oga don Allah ka faɗa wa yaran da ke wasan mota wajen biki wannan maganar, ƙanina na cikinsu kuma na ji yana cewa zai kai a yi wa giyoyin aksil ɗinsa walda don bayan motar ya dinga zamewa. Su can akwai katanga da shinge da motar asibiti a tsaye amma taya ta tsallake ta kashe mutum, mu nan yara ne ke zagaye da mota a tsakiyar titi suna ɗauka a waya.

Oga_Kofar_Ruwa:
Hajiya waldar nan ita ce sifuul ɗin talaka kuma ta fi shi haɗari, don ƙanin naki a kan kwalta zai dinga kwana da ita kullum, kowace kwana shaf biyun na murɗe juna, ga shi shaf ɗin na gida ne wataƙila ma na gwanjo. Ni ba na yin ta a garejina ko nawa za a biya. Ki tambaye shi wace mota ce da shekararta ki rubuto nan, zan faɗa miki abin da ke riƙe tayar bayanta sai ki nuna masa.