Neman kalma: me za mu kira "rationing" da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida. Ina shirya darasi a kan yadda mutanen Amurka suka rayu a gida lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai kalmar rationing ta tsaya mini a maƙogwaro. Kwana uku ke nan ina juya ta, na kuma riga na roƙe ku ku taya ni nemo mata kalmar Hausa. Bari in fara faɗin abin da take ɗauke da shi, don kada mu raɗa suna ba mu ga jinjirin ba.

Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojojin ruwan Amurka, ranar 7 ga Disamba 1941, ta kuma mamaye kudu maso gabashin Asiya, inda roba ke fitowa. Shi ya sa tayar mota ce aka fara yi wa iyaka, a Janairun 1942, a ƙarƙashin hukumar kula da farashi da ake kira OPA. A watan Mayu sukari ya shiga. Jama'a suka yi layi a makarantu, malamai suka yi musu rajista, kowane rai a gida, har da na goye, aka ba shi ɗan littafi mai tikiti: rabin laba na sukari a mako. Kofi ya biyo baya a Nuwamba, fetur a duk ƙasar a Disamba. A 1943 aka ƙara da takalma, nama, man shanu, cuku da abincin gwangwani.

Ga inda gizo ke saƙa. Uwargida ta shiga kanti tana son nama. Za ta biya kuɗinsa cif, sannan ta buɗe littafinta, a yage jan tikiti a gaban mai kanti. Shuɗin tikiti na kayan gwangwani ne. In jajayen sun ƙare, ko da jakarta cike take da daloli, sai ta jira a buɗe sababbi. Ba kyauta ake ba ta ba. Iyaka aka yi mata a kan abin da za ta saya da kuɗinta. Kalmar da ba ta riƙe wannan ba, ba ita muke nema ba.

Amsoshi sun fara shigowa, na gode ƙwarai. Masu rinjaye sun ce "rabo" ko "rabon kaya". Da shi ni ma na fara, amma ku gwada faɗa wa ɗalibi "an yi rabon sukari a Amurka". Abin da zai gani a ransa shi ne mota ta tsaya, ana miƙa wa mutane buhuna, irin rabon tallafi ko na zakka. Sannan rabo a bakinmu yana jan hankali zuwa ga abin da Allah ya ƙaddara wa bawa. Kalma ce mai kyau, amma ta yi wa wannan abu yawa.

Wata Hajiya daga Damagaram ta ce "tsimi" ko "tattali". Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo rabin maganar. Matan Amurka sun yi tattali na gaske: suna tara kitsen da ya rage a tukunya su kai wa mahauci don a yi albarusai da shi, suna shuka kayan miya a bayan gida, har aka kai lambuna kusan miliyan 20. Sai dai tsimi mutum ne ke yi don ransa. Wannan kuwa doka ce, mai karya ta yana iya zuwa gaban alƙali.

Wani dattijo, tsohon soja, ya ce su a bariki "rashan" suke cewa, me zai hana a bar ta haka? Baba, ranka ya daɗe, ba na ƙin aro, da kwamfuta da intanet duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Amma rashan ɗin soja abinci ne da ake ba shi, ba saye yake yi ba. Kuma a rubuce, harafi ɗaya ne tsakanin "rashan sukari" da "rashin sukari". A darasin da Rasha ke fitowa a kowane shafi, ina tsoron rikicewar yara.

"Raba daidai" kuma tarihi ne ya ƙi ta. A sukari an yi daidai, amma ban da fetur. Mai mota na gama-gari ana manna masa takarda mai harafin A a gilashi, galan uku zuwa huɗu a mako. Ma'aikacin masana'antar yaƙi yana da B, likita yana da C, kowanne da ƙari a kan na A. "Kasafi" ta fi kusa, sai dai kasafin kuɗi ya riga ya cinye ta.

Daren jiya wani malamin Hausa ya rubuto kalma ɗaya tak: awo. Allah ya gafarta malam, da na karanta sai na ga mahaifina da sassafe a bakin rumbu, tiya a hannu, yana auna wa mai girkin ranar gero. Ya cika, ya shafe saman da tafin hannu, ya juye a ƙwarya. Ba a ƙara ko tafi ɗaya sai gobe, kuma duk gidan an san haka. Sannan in Bahaushe ya ce "zan je kasuwa awo", saye yake nufi, da kuɗinsa, da ma'auni. Kalma ɗaya ta haɗa saye da ma'auni, abin da duk sauran suka kasa. Abin da ya rage shi ne hannun hukuma, sai mu ce "ƙayyade awo".

Na san za a ce ba a awon takalmi ko taya. Gaskiya ne, amma fetur da sukari da nama duk ana auna su, kuma su ne jigon maganar. In kalma ta zauna a kansu, takalmi zai bi sahu ba tare da kunne ya ƙi ba.

Na gwada ta a kan abin da ya biyo bayan yaƙi, ta tsaya da ƙafafunta. Amurka ta daina ƙayyade awon sukari a 1947. Ingila, da ta ci yaƙi amma ta fito aljihu wayam, sai a Yulin 1946 ma ta fara ƙayyade awon burodi, kuma ba ta saki nama ba sai 1954. Ɗalibin da ya ji waɗannan jimloli biyu ya fara gane dalilin da ya sa Amurka ce ta zuba wa yammacin Turai kusan dala biliyan 13 a shirin Marshall daga 1948, kuma ita ce ke da babbar murya a tsarin duniyar da aka gina.

Don haka a darasin zan rubuta "ƙayyade awo", ɗan littafin kuma "littafin awo", tikitin cikinsa "tikitin awo". Masu sayar da nama da fetur a ɓoye muna da sunan kasuwarsu tun tuni, kasuwar bayan fage. Saura abu guda: kowane kaya yana da adadin da ake cirewa daga littafin, tsoka mai kyau ta fi hanta ci. Ni "maki" na sa. Hajiya da Malam, ya zauna muku a kunne, ko akwai wadda ta fi ta?