Ɗan sarautar da ke teburina ya hana ni sakat

Mai_Jan_Wasa:
Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan ina jan wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, da littafin 'yan wasa na 2014. Wasan labari ne na kan tebur: ni nake tsara labarin, kowane ɗan wasa yana taka rawar jarumin da ya ƙirƙira, ana jefa dayis a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Mu biyar ne, duk Asabar bayan Isha'i a ɗakin ƙanena. Damuwata abokina ne da ya zaɓa wa jaruminsa asalin ɗan sarauta. Littafin ya ba wannan asali gata: manya suna karɓarsa, talakawa suna gudun ɓacin ransa, kuma in ya nemi ganin basaraken gari zai samu. Shi kuwa ya riƙe wannan gata gam.

Makon jiya kwana biyu na yi ina tsara yadda za su shiga gidan wani hakimi. Akwai mai gadin da za a ba na goro, akwai kuyangar da ta san ƙofar baya, har taswira na zana a bayan tsohuwar kalanda. Muna zama sai abokin nan ya ɗaga hannu, wai zoben hatimin gidansu ne, ya ce a yi masa iso. Ko dayis ba a jefa ba. Wanda ya zaɓi asalin ɓarawo tuni ya koma latsa waya. In na hana shi na saɓa littafi, in na ƙyale shi wahalata ta bi ruwa. Ya kuke yi da irin wannan?

Uwar_Dodanni:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, littafin ganawa ya ce, bai ce biyan buƙata ba. Ba ka taɓa raka wani fada ba? Za a yi maka iso, ka zauna a zaure tun hantsi har azahar, ka shiga ka faɗi, fadawa su ce an gaishe ka, ka fito da "a je a dawo". Yi masa haka.

Kuma wanda ya shiga ta ƙofar gaba da sunan ubansa, gari duk ya san ya zo. Ni da ni ce, hakimi zai karɓe shi hannu bibbiyu, ya zaunar da shi walima ya hana shi tashi. A lokacin ne ɓarawonka zai bi kuyangar nan, taswirarka ba ta yi asara ba. Kafin a tashi kuma hakimi ya ce, tunda ɗan wane ne, ga 'yan fashi sun tare masa hanyar kasuwa, a taimaka. Ya ci tuwon mutane, mu ga bakin da zai ƙi.

Lissafi20:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni na gaji da wannan kokawar, shi ya sa muka koma littafin 2024. Can Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, sun cire waɗannan gatan gaba ɗaya. Asali 16 ne, kowanne yana ba ka ƙarin maki a siffofi uku da aka ware masa (2 da 1, ko 1 a kowace), da baiwa guda ta farawa, ƙwarewa biyu, kayan sana'a ɗaya, sai guzuri ko zinariya 50. Ba ɗan sarauta kaɗai ke ɓata shiri ba ma. Ɗan daji na 2014 yana samo wa kansa da mutum biyar abinci da ruwa kullum muddin ƙasar na da su. Na taɓa tsara tafiyar yunwa ta sati uku, ya kashe mini ita da layi ɗaya. Aibin sabon dai, yanzu yarana ƙarin maki suke dubawa kafin su zaɓi asali, ba labarin ba.

Uwar_Dodanni:
Ai ka ji, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Mai tambaya, duba takardar jaruminsa. Me ya rubuta a gurbin alaƙa da na aibi?

Mai_Jan_Wasa:
Yaya, yanzu na ɗauko ta. Fayau suke, duka biyun! Ashe gatan kawai ya kwafa da zinariya 25 ɗinsa. Ranar Asabar kafin a fara zan miƙa masa dayis mai fuska 6, ko ya jefa ya zaɓa daga jerin da ke littafin ko ya ƙago nasa. Duk sanda ya bari aibin ya ja masa asara zan ba shi ilhama, ya jefa dayis mai fuska 20 guda biyu ya ɗauki babba. Hakimin kuma na riga na yi masa 'ya da ta isa aure, da tsohon bashin da yake bin uban abokin namu.